Ruwan da Ke Jiran Wuta

Kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978. Aka tsara noman rani na hekta 23,000 a yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun, aka ware hekta 15,000 ga na'urorin feshi, wai zamani ya zo: famfo ya tura, ruwa ya sauko kamar damina.

Amma famfo sai da lantarki, lantarki kuwa kowa ya san halinsa. Feshi ya tsaya cak.

Sauran filayen, inda ruwa ke gangarowa da kansa ta magudanai, ba dizal ba makanike, su suka riƙa ba da shinkafa. Da shirin TRIMING na Bankin Duniya ya zo bayan 2014, sai aka sake zuba kuɗi don mayar da wani ɓangare na filayen feshin kan tsarin gangare.