Wakilin Unguwa da Jama'arsa a Sinja

Aikin wakilin jam'iyya a unguwa ba shi da albashi, ba shi da ofis. Jarinka littafi mai layi-layi, biro, da takalmin da zai jure ƙura. Mu da muka yi shi a unguwannin Hausawa na Sinja, tun daga rajistar Nuwamban 2009 har zaɓen Afrilun 2010, wanda shi ne na jam'iyyu da yawa na farko a Sudan tun 1986, mun san maƙwabtanmu sanin da ko limamin unguwa bai yi musu ba.

Sarkinsu duka shi ne Malam Muna-Tare. Kana sallama zai taso ba takalmi, ya kama hannunka da hannu biyu, ya ce, "Haba Ustaz, ai da yaro ka aiko! Cikin wannan rana?" Zai zaunar da kai a inuwa, ya sa a soya gahawa a daka, a kawo jabana da citta, turare yana tashi. Kafin ka buɗe baki ya riga ka: shi, da matansa biyu, da 'ya'yansa, da wani surukinsa da ya zo daga garin Mai Wurno, ƙuri'a 14 cif, rubuta ka ajiye. Ka rubuta zuciyarka fari ƙal. Sai za ka fita ka lura hoton ɗan takararku da ke bango ya ɗan yi tudu. Ka ɗaga shi, ga na jam'iyya mai alamar bishiya a baya. Ka ɗaga wannan, ga mai sanda. Ƙusa ɗaya ce ta riƙe su duka, kuma akwai yaron da aikinsa ke nan: da ya ji muryar mai sallama, ya ruga ya fito da wanda ya dace.

Kada a ce maƙaryaci ne. Shi dai bawan Allah ba ya iya kallon idon baƙo ya ce masa a'a. A wajen wata ta'aziyya muka gwada littattafai da wakilin abokan hamayya, ƙuri'u 14 ɗin nan suna nawa, suna nasa, har da surukin. Da zaɓe ya zo, Malam ya tafi Dindir dubiyar wani ɗan'uwa. Hukumar zaɓe ta ƙara kwana biyu a kan ukun da aka tsara, ciwon ɗan'uwan ma ya ƙara kwana biyu. Ya dawo bayan an rufe akwatuna, yatsansa fes babu tawada, ya tare ni a bakin masallaci ya girgiza kai ya ce, "Ustaz, mu dai mun yi iya yinmu."

Sai Mai Rediyo. Mazauninsa gindin darbejiya kusa da mai shayi, kunne ɗaya a Rediyon Omdurman, ɗaya a BBC Hausa. Ya san yadda Sadik al-Mahdi ya haɗa gwamnati da mutanen Mirgani a 1986, ya san wanda ya yi barci a daren juyin mulkin 1989, har rikicin Shekarau da Kwankwaso yana warware maka shi, a Kanon da bai taɓa takawa ba. Ka ce ya nuna maka takardar rajistarsa, sai ya yi murmushin tausayi, ya ce ai sakamakon an riga an rubuta, amma ka biya masa kuɗin shayin.

Akwai samarin da ke son riga da hawan raksha kyauta, ko ta wace jam'iyya ce. Akwai wanda ya tabbata an ba ka buhun sukari ka ɓoye, duk inda ya gan ka sai ya ce, "A ci dai a rage." Akwai mai kawo maka ƙarar famfon da ya lalace, da kuɗin makarantar ɗansa, da akuyarsa da ta ɓata, don a ganinsa gwamnati ce ke yawo da ƙafa.

Inna kuwa daban take. A wancan zaɓen takarda takwas kowa zai dangwala a arewacin Sudan, daga shugaban ƙasa har majalisar jiha. Na zauna na zana mata su a ƙasa da tsinke, ɗaya bayan ɗaya. Ta saurara har na gama, ta ce, "Ɗana, nuna mini na Sayyid Sadik kawai." Na ce Inna, jam'iyyarsa ta ce ta janye. Ta ce shi ya janye, ita ba ta janye ba.

Su ma wakilan akwai abin faɗa. Na san wani da ko suna zai je sai da littafi a hammata, jallabiya ta sha guga, don kawai a ce masa Ustaz. Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Littafinsa dai mai layi-layi ne.

Amma akwai wanda ban iya yi masa dariya: Dillali. Ba ya bin gida-gida, ba ya shan rana. Zuwa yake wajen manyan 'yan takara ya ce Hausawan unguwa kaza a aljihunsa suke, ya karɓi kuɗinsu, sannan ya dawo ya bi tsofaffi da zawarawa yana raɗa musu cewa in ba su bi wanda ya nuna ba, takardar zama ɗan ƙasa ba za ta fito wa 'ya'yansu ba. Ya san inda ke yi wa mutane ciwo, nan yake dannawa. Mutanen da kakanninsu suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa gari a bakin kogi tun kafin a gama madatsar Sinnar a 1925, suka tsinci audugar Jazira kaka da kakanni, su ne ɗan'uwansu, mai yarensu, yake tuna wa cewa baƙi ne, don fam ɗin da zai samu. Yakan karɓi hotuna da takardun haihuwa ya ce zai kai ofis. Akwai gidajen da har yau ba su ga nasu ba.

Duk ranar da Allah ya kawo mu wani zaɓen, zai dawo da sabuwar jallabiya da sabon ɗan takara. Jama'ar unguwa, ku fara karɓar takardunku a hannunsa kafin ku ba shi wurin zama.