Saya Wa Tsoho Kwamfutar Hannu A Minna: Ƙa'idoji, Matakai Da Makoma

Saya wa mahaifi ko mahaifiya kwamfutar hannu, wadda 'yan kasuwa ke kira tab, al'ada ce da ta samu gindin zama a Minna, babban birnin Jihar Neja. Na'urar faffaɗa ce kamar allon makaranta. Ta fi waya girma, ba ta kai laftof ba, kuma ba ta da maɓallan rubutu sai gilashin da ake shafawa. Al'adar ta ƙunshi mutum uku: wanda ya biya kuɗi, wanda aka saya wa, da wanda zai yi amfani da ita. A ƙa'ida, na biyu da na uku mutum ɗaya ne. A aikace ba a cika samun haka ba.

Asalin al'adar

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001. Dattawan Minna, waɗanda suka haɗa da tsofaffin ma'aikatan reluwe, da 'yan fanshon da aiki ya kawo garin tun da ya zama hedikwatar jiha a 1976, da dillalan doya, sun karɓi ƙaramar waya mai tocila hannu bibbiyu. Dokarta biyu ce kacal: kore amsawa, ja kashewa. Tana yin kwanaki ba caji, tana faɗuwa a bakin masallaci a ɗauka a kakkaɓe a ci gaba da magana.

A 2010 kamfanin Apple ya fito da iPad, daga baya masu sauƙin kuɗi irin na Tecno da itel da Samsung suka cika kasuwa. A daidai lokacin 'ya'yan dattawan nan sun gama karatu sun watsu zuwa Abuja, Kaduna, Legas da ƙasashen waje. Daga nan ƙaramar wayar Baba ta zama abin kunya. Baban dai bai taɓa jin kunyarta ba, 'ya'yan ne ke sunkuyar da kai duk lokacin da ta yi ƙara a gaban abokansu.

Rabe-raben masu saye

Masu saye iri uku ne. Na farko shi ne ɗan Abuja, mai biyo hanyar Suleja ranar Juma'a da yamma ya koma ranar Lahadi. Burinsa ya bar wani abu a gida da zai tsaya a madadinsa, domin a daina cewa ba ya zuwa.

Na biyu shi ne na ƙasar waje. Wannan yana aiko da na'ura mai tsada ta hannun wani matafiyi, sai an buɗe kwali a Limawa ko Unguwar Daji a tarar ba ta da wurin sa layi, da wayfai kaɗai take aiki. Gidan kuwa ko sunan wayfai ba a taɓa ji ba. Idan daga Amurka ta zo, kan cajarta ma ba ya shiga soket sai an nemo mahaɗi.

Na uku shi ne mai ramuwa, kuma an fi samunsa a gida mai mata fiye da ɗaya. Da zarar 'ya'yan uwargida sun saya wa tasu uwar, 'ya'yan amarya za su kira taron gaggawa. Sharaɗin da ake gindayawa guda ɗaya ne: tasu ta fi waccan faɗi ko da da inci ɗaya.

A kasuwa

Cinikin yakan gudana a shagunan waya na Obasanjo Complex da ke kusa da Mobil, ko a Kasuwar Kure. Mai shago na ganin mutum da makullin mota zai ce, "Yallaɓai, ga wadda ta fito a bana." Daga nan za a shiga muhawara kan ƙarfin kyamara, da launi, da ko sabuwa ce ko ta hannu. Tambayoyin da ba a yi su ne: idon Baba yana ganin ƙananan rubutu? Kunnen Hajiya yana jin ƙara? Me ma suke so su yi da ita? Mai saye yana zaɓen na'urar da shi kansa yake sha'awa, ya rubuta sunan mahaifinsa a kan rasit.

Sharuɗɗan zaɓe na gaskiya

Bukatar dattijo ba ta da yawa. Yana so ya ga fuskar jikokinsa, ya saurari karatu da wa'azi da labarai, ya aika saƙon murya. Saboda haka abubuwan lura ba su wuce waɗannan ba.

Girma: inci 8 zuwa 10 ya wadatar. Wadda ta wuce haka tana gajiyar da hannu, kuma ƙarshenta a mayar da ita murfin kwanon fura.

Layi: dole ta kasance mai ɗaukar layin waya. A yi rajistar layin da sunan mai ita, domin tun Disambar 2020 hukuma ta wajabta haɗa kowane layi da lambar katin ɗan ƙasa. Layin da aka yi da sunan jikan da ya tafi bautar ƙasa, ranar da ya toshe sai an jira jikan ya dawo.

Batir: Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji, wadda aka kammala a 1968, da Jebba a 1985, da Shiroro a 1990, ga kuma ta Zungeru, shi ya sa ake yi mata kirari da jihar wutar lantarki. Mazauna Kpakungu da Maitumbi sun daɗe da gano cewa kirari ba ya cajin batir. A nemi mai babban batir, a haɗa da fawa banki. A kuma guji barinta a rana ko cikin mota a zafin Maris da Afrilu, domin zafi yana kashe batir.

Ƙara da rubutu: lasifika ta zama mai ƙarfi, a ƙara girman haruffa tun a shago. A share duk manhajar da ba a bukata daga fuskar gilashin, a bar uku ko huɗu manya, a sa hoton kowane ɗa a kan lambarsa.

Riga: a sa mata riga mai kauri da gilashin kariya. Kuɗinsu kaɗan ne, kuma su ne suke tsakanin na'urar da simintin tsakar gida.

Bikin miƙawa

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci ga mai saye. Ana sa Baba ya sa babbar riga, a zaunar da shi a kujerar falo, a ɗora masa kwali a cinya, a ɗauki hoto. Kafin a yage ledar kwalin hoton ya riga ya hau WhatsApp da Facebook, da addu'ar Allah ya ba mu ikon kyautata wa iyaye. Abokan ofis suna ta sa albarka. Shi kuwa dattijon yakan juya na'urar gaba da baya ya ce, "Allah ya yi maka albarka. To, ina ake danna ta?"

Koyarwa

Makarantar tana buɗewa bayan azahar, ta rufe kafin la'asar. Malamin yana shafa gilashi da sauri yana cewa, "Baba, kun gani? Nan, sai nan, sai nan, shi ke nan." Idan ɗalibin ya sake tambaya, sai a karɓe na'urar a ce, "Ku kawo in yi muku." Wannan malamin, ya kamata a tuna, ɗalibin nasa ne ya koya masa tafiya da cin abinci da hannun dama, ba a kuma cikin yini ɗaya ba.

Akwai matsalar da ba laifin kowa ba ce. Gilashin yana aiki ne da taɓawar fata, kuma busasshen yatsa mai kanta ba ya kama shi da kyau, balle a lokacin hunturu. Hannun da ya saba da fartanya da carbi yakan danna da ƙarfi ya riƙe, sai hotunan manhajoji su fara rawa, a goge wani abu ba da niyya ba. Akwai kuma matsalar da laifin mai saye ce: ya sa wa na'urar mabuɗin zane, ya kama hanyar Abuja da zanen a kansa.

Inda aka yi nasara, ana samun sakamako iri biyu. Na farko kiran bidiyo, wanda jikoki ke kallon fankar silin, ko saman hular kakansu, ko cikin kunnensa, domin tsoho ya san waya a kunne ake kara ta. Na biyu saƙon murya mai tsawo, wanda rabinsa gaisuwa ce ta mutum ɗaya bayan ɗaya har da maƙwabta, sai a ƙarshe a ce dama lafiya aka kira a ji. Daga nan a sa Hajiya a zauren iyali, ta fara turo duk maganin da aka ce yana warkar da ciwo arba'in.

Makomar na'urar

Hanyoyi uku ne. Ko dai a naɗe ta a ɗankwali a sa a ƙasan akwati tare da turamen zannuwa, a riƙa fito da ita idan baƙi sun zo a ce, "Yaron nan ne ya aiko." Ko ta faɗa hannun jika mai shekara tara, wanda gida ya naɗa injiniya. Kalmarsa ɗaya ce: "Kaka, kawo in gyara miki." Gyaran yana ɗaukar yini guda, ya ƙare da wasan tseren mota da ƙarewar datar wata guda. Ko kuma ta koma kasuwar da ta fito, wannan karon a teburin mai gyara, da tsagaggen gilashi. A duk hanyoyin uku dattijon yana komawa ga ƙaramar wayarsa da rediyonsa, inda Sashen Hausa na BBC yake ba da labari tun 1957 ba tare da ya nemi mabuɗin zane ba.

Haɗari

Wuri ɗaya ne raha ba ta shiga. 'Yan damfara suna farautar tsofaffi, su kira da sunan banki ko ofishin fansho, su nemi lambar BVN ko lambar sirrin kati ko lambar da aka turo ta saƙo. Wajibi ne a nanata wa dattijo cewa banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya, kuma duk wanda ya nemi lamba a kashe a kira ɗa. Idan ba dole ba, kada a sa manhajar banki a na'urar da rabin yaran unguwa ke wasa da ita.

Hukunci

Kwamfutar hannu mafi dacewa da tsoho ita ce matsakaiciya, mai layi, mai ƙara, mai riƙe caji, wadda aka tambaye shi kafin a saya, aka kuma zauna aka koya masa sau goma ba tare da tsaki ba. Wanda ba shi da lokacin wannan zama, ya bar wa Baba wayarsa mai tocila, ya zuba kuɗin a tankin mota ya zo gida ya gaishe shi. Zumunci a ƙafa yake, kuma har yau ba a ƙera na'urar da ke durƙusawa ta gaida iyaye ba.