Yadda Tanadin Allah Ke Shigowa Layinmu

Mu Kiristocin Azare akwai amsar da ba ta barin bakinmu. Ka tambayi mutum kuɗin makarantar yara, ya ce Allah zai tanada. Kuɗin haya, Allah zai tanada. Har wanda kake bi bashi, in kun yi kiciɓis a bakin majami'a bayan sujada, kafin ka buɗe baki ya riga ka: "Ɗan'uwa, Allah zai tanada." Sai ka rasa ko ka ce amin ko ka riƙe masa riga.

Ba laifinmu ba ne. Yawancinmu aiki ne ya kawo mu ƙasar Katagum: wannan daga Bogoro, wancan daga Tafawa Ɓalewa, ga 'yan Filato, ga Tangale, ga Inyamurai masu shaguna. Wani malamin makaranta ne, wata nas ce a asibitin tarayya, wani ɗan sanda. Ba mu gaji rumbu a nan ba, da mudu muke ci. Saboda haka in farashin gero ya yi tari a kasuwa, a tukunyarmu ake fara jin zazzaɓin.

Mun kuwa ji shi. A farkon 2023, bayan an canja fasalin naira, takardar kuɗi ta ɓace har kwandon baiko yakan zagaya majami'a ya dawo kamar yadda ya tafi, ma'aji na leƙawa yana girgiza kai. Ba mu gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. Masu motoci suka lulluɓe su da tampol, suka ce wai likita ne ya ce su riƙa tattaki. A daminar 2024 kuma ruwa ya yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a nan yankinmu, direbobi suka sami sabon dalilin ƙara kuɗi.

To a irin wannan lokaci ne fastocinmu, na ECWA da na COCIN da sauransu, suke tuno mana da annabi Iliya, wanda hankaki suka ciyar a bakin rafi, da gwauruwar Zarefat da garinta da manta ba su ƙare ba har fari ya wuce. Wata Lahadi ana fitowa, wani matashi ya ce wa shugabar Zumuntar Mata, "Mama, hankakin Azare fa ƙwacewa suke yi, ban taɓa ganin wanda ya kawo ba." Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, tuwon da ka ci a gidana jiya, ta sama ya faɗo maka? Hankakanka ke nan tsaye gabanka da ɗankwali."

Gaskiyar Mama ce. A layinmu tanadin Allah da ƙafa yake zuwa, kuma sallama yake yi. Mu ba ma cewa ba mu ɗora tukunya ba, kunya ba za ta bari ba. Cewa muke, "Ku sa mu cikin addu'a." Matan Zumunta sun san fassarar wannan. Za su zo da yamma da Littafin Waƙoƙi a hannu, a yi waƙa, a yi addu'a, a tashi. Sai sun tafi ka tarar da ƙullin masara da 'yar kwalbar manja a bayan ƙofa, kuma ko ka rantsar da su ba wadda ta san wanda ya ajiye.

Ga adashe, wanda in kwasarki ta zo daidai da komawar yara makaranta sai ki ba da shaida ran Lahadi har mai ganga ya gaji. Ga Malam mai shagon bakin layi, Musulmi ne, littafin bashinsa ya san sunayenmu fiye da rajistar ikilisiya. In ka tsaya kana sosa ƙeya sai ya ce, "Ɗauka kawai, Baban yara, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci." Ran Babbar Sallah naman layya ya shigo mana gida gida, ran Kirsimeti shinkafa da cincin su fita su rama ziyara.

Sannan wahala ta koya mana karatun Yusufu a Masar. Da kaka, lokacin da gero da wake ke araha, kowa na ƙoƙarin jefa buhu ɗaya ƙarƙashin gado saboda watan Agusta. Malaman da da ko fartanya ba su iya riƙewa ba, yanzu sun ari gona ta wajen Madara ko hanyar Gadau, ran Asabar ka gan su da kanta a hannu suna gardamar taki.

Akwai dai 'yan'uwanmu masu bangaskiyar kwance, waɗanda ke azumi da addu'a a kawo aiki, amma ko an kawo sai an tashe su daga barci. Irinsu ne wani dattijon ikilisiya yake cewa, "Tsuntsayen da Yesu ya ce Uba na ciyarwa, kun taɓa ganin an kai musu tsaba cikin sheƙa? Da asuba suke fita." In ya faɗi haka sai kowa ya ce amin da ƙarfi, yana satar kallon na kusa da shi.