Salak ɗin da Ya Ƙarar da Ruwan Masallaci

Mutanen birnin Pittsburgh na Amurka suna da wata ƙauna da har na baro garin ban gane kanta ba, wato kokwambar tsami. Ƙananan kokwamba ake dannawa a kwalba, a zuba musu khal da ruwa da gishiri da tafarnuwa da wani ganye mai ƙamshi da ake kira dil, a rufe, a bar su har su canja launi su canja hali. Suna cusa ta a burodi da nama, suna gaigayar ta haka nan, har soya ta suke yi. A yankin ne Henry Heinz, mai kamfanin kayan abinci na kwalba, ya fara sana'arsa a 1869, kuma a baje-kolin duniya na Chicago a 1893 ya yi ta rabon 'yan bajoji masu siffar kokwamba don jama'a su daure su hau bene su ga rumfarsa. Tun 2015 kuwa garin ya mai da abin biki. Lokacin zafi sai a tare gada ko titi, a rataya ƙatuwar balan-balan mai siffar kokwamba, magidanta da gemunsu su jeru suna gasar shanye ruwan kwalba, jama'a na tafi.

Ni dai karatu ya kai ni, kuma ban sa baki a sha'aninsu ba sai ranar da na ga abokin zamana, wani Ba'amurke ɗan jihar Ohayo, ya cinye kokwambar ƙarshe ya nufi wurin wanke-wanke zai tuttular da ruwan. Ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba. A gidan da na tashi ba a zubar da ruwa mai tsami. Na tsamiya kunu yake tafiya, wanda ya kwanta a kan gasara tuwo yake jira, ruwan wankin shinkafa ma awaki ke da shi. Da Inna za ta ga mutum ya sayi abu da kuɗinsa ya zubar da rabinsa a rariya, sai ta yi kwana uku tana salati.

Ya dube ni ya yi dariya, ya ce in dai tausayin ruwan nake ji, ai wasu na haɗa mahaɗin salak da shi, 'yan wasa kuma sha suke yi. Ya ba ni labarin wasan ƙwallon Amurka na watan Satumban 2000, lokacin da ƙungiyar Philadelphia Eagles ta je Dallas ana zafin da ya kai 43 a ma'aunin Salshiyas, 'yan wasanta suka yi ta kurɓar ruwan kokwamba don kada tsoka ta ɗaure musu, suka lallasa masu gida da ci 41 da 14. Daga baya, a 2010, masu bincike sun gwada abin a kan mutane, suka ga lallai ɗaurewar tsoka ta fi saurin saki in an sha shi. Nan fa aka gama da ni. Ga abu na banza, ga shi da hujjar kimiyya. Na karɓi kwalbar na ajiye ta can ƙuryar firji, ina jiran ranar da za ta yi mini rana.

Ranar ta zo cikin azumin 2016, azumin da muke kamawa tun wajen ƙarfe huɗu na asuba, ba mu sha ruwa sai kusan tara na dare. A masallacin unguwarmu duk Asabar ana buɗa-baki na taro, kowa ya kawo abin da ya iya. 'Yan Pakistan su zo da shinkafar biriyani a faranti mai faɗin tabarma, Somalawa su zo da sambusa, Turkawa su zo da miyar adas. Ni kuwa, a matsayina na gwauro, ayaba nake kaiwa. Kullum ayaba. Har yara sun fara nuna ni da ita. Da takardar rubuta suna ta zagayo a wannan makon, sai na karɓi biro na rubuta “salak” da manyan baƙaƙe, na ja masa layi a ƙasa.

Ilimin abin ba shi da wuya, kuma na haddace shi. Ƙa'idar Faransawa ita ce mai kashi uku, abu mai tsami kashi ɗaya. Mai da ruwa ba sa shiri, ko ka girgiza su sai sun rabu, don haka ake sa ɗan mastad ya shiga tsakani ya riƙe su. Shi ke nan. Abin da Faransawan ba su damu su faɗa wa kowa ba shi ne, da khal tsantsa suke lissafinsu, wanda tsaminsa ke kai kashi 5 cikin 100. Ruwan kokwamba kuwa khal ne da aka riga aka sirka da ruwa, aka kuma ɗora masa gishiri mai yawa. Tsaminsa ya ragu, gishirinsa ya ƙaru. Duk wanda ya bi sawun tsamin yana ƙara ruwan, gishiri yake tarawa bai sani ba. Wannan gyara ne da ya kamata a rubuta a jikin kowace kwalba, amma ba wanda ya rubuta.

Bayan azahar na ɗaura zanen girki. Na auna man zaitun, na auna ruwan kwalba, na sa mastad, na kirɓa tafarnuwa. Sannan hannuna, wanda Inna ta horar, ya ɗebo gishiri ya watsa, ya murmushe dunƙulen ɗanɗano guda biyu a kai. Ba a haɗa abinci ba gishiri. Wannan ko yaro ya sani. Na girgiza, abin ya yi kyau a ido. Na ɗebo a cokali na kai bakina, sai na tuna ina azumi.

Malamanmu na Malikiyya sun karhanta wa mai azumi ɗanɗana gishirin girki, ko da zai tofar. Na san akwai masu sassauci ga wanda girki ya zame masa dole, amma ni da na yi niyyar ciyar da masu azumi ba zan fara da makaruhi ba. Abokin zamana ya tafi gida hutun ƙarshen mako. Sai na ɗauki kwanon na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyata, wata tsohuwa mai kirki da ke ba ni aron tsani.

Ta lasa. Ta rufe ido. Ta dafa bango. Da ta buɗe idon har ya kawo ruwa, amma murmushi take yi, ta ce ba ta taɓa ɗanɗana irinsa ba a rayuwarta. Na yi godiya. Ya kamata in faɗa wa duk mai shirin zuwa Amurka cewa yabon Ba'amurke ba abin dogaro ba ne. Ko takalmi ka dafa masa zai ce ka yi ƙoƙari. Da Bahaushiya ce da tuni ta ce, “Kai, wannan gishirin na kashe tsutsa ne?” an wuce wurin. Ita kuwa sai da na juya zan tafi ta ce, a hankali, wataƙila in ɗan ƙara mai.

Na ƙara mai. Da yake ban san iyakar “ɗan” a wurinta ba, na ƙara sosai. Yanzu kuma lissafin uku da ɗaya ya rushe, mai ya yi rinjaye, ya taso sama yana kallona. Dole a ƙara ruwan tsami, ga kwalbar ta ƙare. Na sa takalmi na nufi kanti.

Mai azumi a kantin Amurka da la'asar abin tausayi ne. Layin kokwambar tsami kaɗai ya kai tsawon sahun salla, kwalabe iri-iri, duk kore, duk suna kama da juna. Na ɗauko wadda ta fi araha. Da na dawo na tsiyaye ruwanta a cikin haɗin, na juye kokwambar a roba, sai na lura ruwan rawaya ne, yana kuma danƙo a yatsa. Ashe irin mai zaƙi ce, wadda ake jiƙawa da sukari da kurkum. To, zaƙi maganinsa yaji. Na koma. Wannan karon na karanta rubutun da kyau, na zaɓi ta barkonon halafenyo na mutanen Meziko, na tsiyaye ruwanta ita ma, barkonon ya bi kokwamba cikin roba. Ruwa ya yi yawa kuma. Man zaitun ya ƙare, na fasa na gyaɗa.

Kwano ya cika na koma tukunya. Mastad ɗin nan cokali ɗaya da aka ɗora wa sulhu tun farko ya gaza, mai ya ware gefe, ruwa ya ware gefe. Na tuna cewa gwaiduwar ƙwai ta fi shi iya wannan aiki, da ita ake haɗa mayonis, guda ɗaya tana riƙe mai kusan kofi. Na fasa ƙwai, na juye komai a bilenda kashi-kashi. Gwaiduwa kam ta yi aikinta fiye da yadda aka roƙe ta: abin ya kame, na tsai da cokali a tsakiya ya tsaya. Da me za a tsinka shi? Akwai sauran ruwan barkono a gindin kwalba.

A nan ne basira ta zo mini. Me ya kai ni bin Faransawa, alhali muna da namu? Kwaɗo fa? Zogale ko rama ko latas, a daka ƙuli-ƙuli, a sa yaji da ɗan mai da albasa, wa ya taɓa kushe shi? Ina da ƙullin ƙuli-ƙuli da Inna ta aiko mini ta hannun wani mai zuwa, ina cin guda-guda ranar da kewar gida ta dame ni. Na zazzage shi duka, na daka a turmin tafarnuwa, na zuba. Na bi shi da yajin da ya zo tare da shi, wanda shi ma, kamar kowane yajin kirki, da gishirinsa a ciki.

Launin da ya fito ba shi da suna. Ƙamshin kuma ya sa na buɗe taga. Amma yawa kam akwai shi, ya isa walimar aure.

Saura awa uku a sha ruwa, na ce bari in gama komai in huta. Na yanka latas da tumatir da albasa da karas, na kwarara musu haɗin, na juya, na rufe. Su masu sanin abin sai za a ci suke zubawa, saboda gishiri janyo ruwan ganye yake yi, mai kuma ya ratsa shi ya kwantar. Wannan ma ba a rubuta shi a jikin latas ba. Lokacin da na buɗe murfin a masallaci, ganyen da ya cika baho ya koma ƙasa ya lafe kamar ramar da aka dafa aka matse, yana iyo a wani ruwa mai maiƙo.

Aka kira salla, aka ci dabino, aka yi magariba, aka yi layi. Mai azumin awa 17 ba ya tambayar abin da ke cikin baho. Kowa ya ɗiba, har ana yaba mini. Na tsaya gefe ina jiran sakamako.

Shiru ne ya fara zuwa, daga farkon tebur ya gangaro ƙarshe. Sai tari. Sai ƙarar buɗe robobin ruwa ta ko'ina. Wani yaro ya tambayi babansa ko an yi masa laifi ne. Akwai wani dattijo Bahaushen zangon Kumasi, direban tasi, da muke kira Kawu. Shi kaɗai nake hira da Hausa da shi a garin. Ya tauna, ya haɗiye da ƙyar, ya yafito ni.

“Ɗana, wa ya yi maka wannan?”

“Ni na yi da kaina, Kawu.”

“Da kanka.” Ya sha ruwa. “Ƙuli nake ji a ciki?”

“Na gida ne, Kawu. Inna ta aiko.”

“Allah sarki, baiwar Allah,” in ji shi, ya sake shan ruwa.

Kafin isha'i ruwan da aka tanada na dare biyu ya ƙare, aka tura matasa kanti da mota. A tarawihi, duk sallama sai sahu ya yi giɓi, mutane na zarya wurin famfo. Liman da kansa ya tsaya tsakanin raka'o'i ya nemi kofi, abin da ban taɓa gani ba. Washegari kuwa, in ji waɗanda suka kira ni, ƙishirwa tun hantsi ta fara.

Sai dai a rubuta wannan ma, don tarihi ya yi adalci: wani Baturke ya ƙara har sau biyu. A ƙasarsu ruwan kayan tsami abin sha ne, a kofi ake sayar da shi a shaguna. Ya rungume ni, ya ce na tuna masa da garinsu, ya ciro waya zai rubuta yadda ake haɗawa. Na fara da man zaitun kashi uku, na kai wajen komawa kanti, sai ya mai da wayar aljihu. Ko ba komai, mutum ɗaya mai ilimin abin ya shaida, kuma ni a wurina sauran jama'ar ne ba su saba ba.

Abokin zamana ya dawo ya tarar da roba cike da kokwamba da barkono sun bushe sun yanƙwane a firji. Ya ce ai ba sa zama sai cikin ruwansu, in ba haka ba zubarwa za a yi. Zubarwa! Na sayo khal da gishiri na dafa musu sabon ruwa.

Asabar ta gaba takardar suna ta iso gare ni an riga an cike mini gurbina da rubutun shugaban kwamiti. A ƙofar masallaci Kawu ya tare ni, ya karɓi ledar hannuna, ya leƙa, ya ga ayaba, ya lalube ƙasanta ko akwai wani abu a ɓoye.

“Madalla, ɗana. Allah ya yi maka albarka. Shekarunka nawa yanzu?”

Na faɗa masa. Ya jinjina kai. Tun kafin a yi salla ƙarama ya kira Inna a waya, ban san inda ya samo lambarta ba, kuma zuwa yau 'ya'yan ƙannen matarsa babu wadda ban ga hotonta ba.