Batir Ba Shi Da Laifi: Shawarwari Ga Mai Tsohuwar Mota

Ba zan ɓata maka lokaci da bayanin yadda ake gane mota ba ta caji ba. In kana da irin tawa, Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna tun kafin a yanko jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, ka riga ka haddace karatun: ka murɗa makulli, ta ce "ƙat", ka sake, ta yi maka shiru. Ga abin da wahalar 'yan kwanakin nan ta koya mini a Maruda, na ba ka kyauta. Gani ga wane ai ya ishi wane tsoron Allah.

Na ɗaya, kada ka sayi batir. Kowa zai ce maka batir ne. Mai shayi zai faɗa, ladan zai faɗa, har surukinka da bai taɓa tuƙa komai ba sai amalanke zai leƙa cikin bonet ya kaɗa kai ya ce batir ne. Batir randa ce kawai, altaneta shi ne ɗan ga-ruwa. In ɗan ga-ruwa ya daina zuwa, sabuwar randa ba ta haifar da ruwa. Sabon batir zai kai ka kasuwar Jega cikin izza, ya bari sai magariba ta yi ka kunna fitila a hanyar dawowa, sannan ya mutu.

Na biyu, nemi mita. Lafiyayyen batir, mota a kashe, yana nuna kusan 12.6. In an tayar da inji, ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. In ya tsaya a 12 yana sauka da ka kunna fitila, altaneta ba ya aiki. In ya haura 15, kat-awut ne ya haukace yana dafa maka batir, shi ya sa kake jin warin ruɓaɓɓen ƙwai kana zargin fasinja. Aikin minti ɗaya ne. Matsalar ita ce mitar mai wayarin ɗinka, ita ma batirinta ya mutu tun bara.

Shi kam yana da tasa hanyar. Zai sa a tura motar ta tashi, ya fizge kan batir inji na gudu, ya dube ka da murmushi: "Alhaji, ka gani? Ba ta mutu ba. Altaneta lafiya lau ya ke, batir na." Wannan gwaji shi kansa yana iya ƙona diyod ɗin da ka zo da su lafiya. Daga nan sai ya ɓare waya da haƙori, ya goga ta a jikin mota, tartsatsi ya tashi, ya ce "akwai wuta". To, wa ya ce babu? Ni ban zo neman wuta ba, na zo neman inda take zurarewa. Sai ka duba kan batir ɗin da ya mayar: farin gari mai kore-kore ya lulluɓe shi, an cusa ƙusa a gefe, an daddage da dutse. Ka ce a wanke da ruwan zafi a goge a ɗaure da sifana, ya ce ai haka ake yi ko a Kano. Yaronsa kuma ya tafi sayo tef tun hantsi, sai bayan la'asar za ka gan shi da rake a hannu.

Na uku, fanbel. Ƙarar nan da motar ke yi da asuba, wadda ke tayar da maƙwabta kafin ladan, santsi yake yi. Danna shi da babban yatsa. In ya nutsa fiye da kaurin yatsan, a ja shi.

Na huɗu, 'yar jar fitilar nan mai hoton batir. Dole ta kama in ka murɗa makulli, ta mutu in inji ya tashi. A tsofaffin motoci ta cikinta wutar farko ke bi ta farkar da altaneta, don haka ƙonewar ƙwan da bai kai ƙwayar gyaɗa ba kan iya hana caji. Wanda ya sayar mini da tawa ya manne ta da baƙin tef don kada ta dame ni. Allah ya saka masa daidai da niyyarsa.

Na biyar, ko na shida, oho. Zafin Maris da Afrilu, da ke wuce digiri 40, yana ƙafar da ruwan batir, sai a ƙara tataccen ruwa, ba na rijiya ba. Amma wa zai ji?

Abin da ke ci mini rai shi ne kabon. Sau tari ɗan gawayin nan ne kawai ya cinye, ƙurar hunturu ta taya shi, kuma canjinsa bai kai kuɗin man zuwa Kalgo ba. Amma babu mai son buɗe altaneta. Sai a tura ka Birnin Kebbi ka sayo "ɗan Beljiyam". Ka biya kuɗin mota, ka biya kuɗin kaya, ka dawo da abu yana ƙyalli, ashe fentin azurfa aka fesa wa gawar da wani ya yar. Ka koma, a nuna maka takarda: kaya in sun fita ba sa dawowa. Wallahi wannan ba ciniki ba ne, zalunci ne. Mutum ya sayar da buhun shinkafar da ya sha rana ya noma a fadama, a ba shi fenti! Ina tsoron Allah ya tafi?

Sauran shawarwarin na manta su, sai wadda ta fi aiki. Koyi ajiye mota a gangare, hancinta na duban ƙasa. Sa giya ta biyu, ba ta ɗaya ba, ka saki kuloci bayan ta ɗau gudu, kada ka ce "ku ƙara ƙarfi" kana zaune a inuwar rufi. Gyara hulɗarka da matasan majalisa: je sunansu, je jana'izarsu, kada ka yi gardamar ƙwallo da mai ƙirji. In ta tashi, ɗaga hannu ka yi godiya ta taga, kada ka kuskura ka tsaya.

Mai atomatik kuwa, wadda ko garin duka ya fito ba ta tashi da turi, ba ni da abin ce masa. Allah ya ba shi haƙuri.