Wahalar da Ba Ta Kai Mako

A shirin Star Trek: The Next Generation, wanda aka nuna daga 1987 zuwa 1994, wahala ba ta kai mako. A wani kashi na 1992, wata na'ura ta sumar da Kyaftin Picard. Cikin minti 25 ya yi rayuwa sukutum a wata duniya, da mata da 'ya'ya har da jika, ya tsufa tukuf. Mako na gaba? Ga gogan naka ras a kujerarsa yana ba da umarni, sai 'yar sarewa da ya tsira da ita. Dalilin na kasuwa ne: tashoshi kan maimaita shirin ba bisa jeri ba, dole kowa ya koma yadda yake kafin a tashi.

Harry Kim na shirin Star Trek: Voyager kuwa, bawan Allah, shekara bakwai ko ƙarin girma babu.

Amma shirin Babylon 5, da aka tsara labarinsa na shekara biyar tun farko, ba ya yafe bashi. Londo Mollari ya fara a mashayi ɗan caca, ana ta dariyarsa. Ya haɗa baki da miyagu, ya ƙare a kan karagar mulki da wata halitta maƙale a wuyansa tana juya shi.