Tsohuwa da Takardar SSE2

Kawuna yana da wata kwamfuta ƴar Kwatano mai ƙwaƙwalwar Pentium III, wadda yake lulluɓewa da tsohon zanen gado kamar amarya. Fankarta tana kuka kamar injin markaɗe, amma har gobe tana buga wasiƙa tsaf. Ranar da ya ce in saka mata sabon Firefox, sai manhajar ta dube ta sama da ƙasa ta ce ina SSE2?

Wannan wani jerin umarni ne na lissafi da Intel ta fara sa wa Pentium 4 a shekarar 2000. Wanda aka haifa kafin nan ba shi da shi, kuma ba a sayensa a kasuwa. Tun 2017 Firefox ya daina kula marasa shi. Chrome kuwa ya ƙara wa sadakin kuɗi, a 2021 ya ce sai da SSE3. Masu rubuta manhajar suna da hujja, domin kowane tsohon inji sai an ware masa hanya an riƙa gwadawa, ga shi masu hawanta ba su cika mota ba.

Na yi wa Kawu wannan bayani dalla-dalla. Ya yi shiru, ya shafa kan tsohuwar, sannan ya ce, "To kai yaro, intanet ɗin ne ya ƙara nisa, ko ita ce ta rage gudu?"

Na ce, "Kawu, sai dai a sayi sabuwa."

Ya mayar mata da zanenta, ya ce in miƙo masa rediyonsa.